BTS gareni, ina son diplom ɗin injiniya ta intanet, in sayar da fili in biya?

Wani ɗan'uwa ne ya rubuto daga Garwa, ya roƙi kar a faɗi sunansa. A taƙaice ga abinda ya ce: shekararsa 34, yana da BTS na lantarki (takardar fasaha ta shekara 2 bayan bak), shekara 10 kenan yana gyaran injuna a wata masana'anta, mata ɗaya da yara uku. Ya ce "duk yaron da aka kawo da takardar injiniya ni nake nuna mishi inda ake kashe wuta da inda ake kunnawa, bayan wata shida shi ke sa hannu a takardar hutuna." Yanzu ya ga talla a Facebook, wata makaranta ta ƙasar waje tace tana bada diplom ɗin injiniya cikin wata 12, komai ta intanet ba zuwa ko'ina, kuɗin sefa miliyan ɗaya da jaka 200, kuma in ya tura rabi kafin ƙarshen wata zasu rage mishi. Yana da ɗan fili a bayan gari yana tunanin sayarwa. Mai ɗakinsa bata sani ba, shef ɗinsa ma bai sani ba. Tambayarsa ita ce ya biya ko ya dakata.

Wa'alaikumussalam ƙanena. Na karanta saƙonka har ƙarshe, kuma wallahi abinda ya fi tsaya min a rai maganar takardar hutun nan ce, duk wanda ya taɓa aiki a ataliye ya san zafin abin, kai ka san ƙarar kowane inji tun daga bakin ƙofa amma a taro ba'a tambayarka. Saboda haka bazan ce maka ka haƙura da BTS ɗinka ba, neman ƙari daidai ne kuma shekarunka basu wuce ba ko kaɗan. Amma kuɗin nan kar ka tura, filin ma kar ka taɓa shi. Zan fara da lissafi tunda kai mutumin lissafi ne.

Tsarin LMD da jami'o'inmu suke kai, lisans, masta, doktora, kowace shekara kiredi 60 ce, 30 a kowane zango. A Turai inda aka ɗauko tsarin ana ƙirga kiredi ɗaya a kan awa 25 zuwa 30 na aikin ɗalibi, da darasi da karatun gida da jarabawa duk a ciki. Kenan shekara ɗaya awa 1500 ce in ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Kai kana da bak da shekara 2. Injiniyan konsepsiyon, wato cikakken injiniya, bak da shekara 5 ne. Tsakaninku shekara 3, kiredi 180, awa 4500. Shekara kuwa gaba ɗayanta dare da rana awa 8760 ce. To mutanen nan sun ce wata 12 zasu kai ka, kaga sai kayi karatu sama da awa 12 kullum, ba Juma'a ba Lahadi ba ranar sallah, ga kuma aikinka na awa 40 a sati da dokar aiki ta tsara wanda nasan naka yana wuce haka duk ranar da inji ya tsaya. Ba zai yiwu ba. Ko dai karatun ne babu shi, ko kuma takardar ba ta injiniya bace sunan kawai aka ara. Ita kuma maganar biya kafin ƙarshen wata mu rage maka, makarantar gaske tana da lokacin karɓar dosiye, tana duba takardunka, tana iya ce maka baka cancanta ba, kuma sai ta karɓe ka tukuna take maganar kuɗi. Wanda ya fara da kuɗi tun kafin ya ga relebe ɗinka na BTS kasuwanci yake.

Ƙila in ka matsa musu suce ai shekarun aikinka ne suka lissafa maka. Akwai irin wannan da gaske, a Faransa tun 2002 doka ta yarda mutum ya samu diplom da gogewar aiki, VAE ake cewa, amma can sai ka rubuta ƙaton dosiye kana bayanin duk abinda ka taɓa yi da hujjoji, ka tsaya gaban kwamiti su yi maka tambayoyi, kuma suna iya baka rabi suce je ka karanto sauran. In babu dosiye babu kwamiti to ba ita bace.

Yanzu babbar tambayar da ya kamata ka fara da ita tun kafin kuɗi: wa zai karɓi takardar? Kai da kanka baka haɗa injin da baka karanta plak ɗin jikinsa ba, sai ka ga volt nawa, amfiya nawa, etuwal ne ko tiriyangil, to diplom ma haka take, tana da plak, kuma mutane basa karantawa. Duk takardar da aka samo daga waje, in dai aikin gwamnati ko konkur zaka shiga da ita a Kamaru, sai ta bi ta ma'aikatar ilimi mai zurfi wato MINESUP a Yawunde an yi mata ekibalans, wato a tantance matakinta da na takardun gida, akwai kwamiti na musamman da ke zama a kan wannan, kuma abu na farko da suke dubawa shine ita makarantar ma ƙasarta ta san da ita? Takardar ta ƙasa ce ko kuwa ta makaranta ce kawai? Wannan bambancin ka riƙe shi da kyau, domin hatta jami'a ta gaske tana iya bada takarda iri biyu, akwai diplom nasiyonal wadda gwamnatin ƙasar ta tsaya mata, akwai kuma wadda jami'ar ce kaɗai ta ƙirƙira ta sa tambarinta, karatun cikinta yana iya yin kyau amma ba lallai ta hau maka matakin bak da 3 ko bak da 5 ba. In makarantar Afirka ce ka duba ko CAMES ta amince da wannan diplom ɗin, CAMES ɗin nan majalisar ilimi mai zurfi ce ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1968, cibiyarta tana Wagadugu, Kamaru da Cadi duk suna ciki, kuma ka lura diplom ɗaya ɗaya take amincewa da su, ba makaranta dungurungum ba, sai kaga makaranta tana da fanni goma guda biyu ne kawai suka samu amma a talla ta rubuta CAMES da manyan baƙi. In kuma ta Faransa ce tace injiniya take bayarwa, can tun 1934 akwai hukumar CTI, makarantar da bata cikin jerinta bata da ikon kiran ɗalibinta injiniya mai diplom, jerin kuma a buɗe yake kowa zai iya dubawa a wayarsa. 'Yan'uwanmu na Njamena da suke karanta wannan, haka abin yake a wajenku, ma'aikatar ce kawai ta bambanta.

Ina da wani abokin aiki, mai hannu ne sosai a harkar sanyi, firij da kilimatiza babu wanda bai iya ba. Yayi irin wannan karatun, kuma abin tausayin shi da gaske yayi karatun, yana dawowa daga aiki ya zauna yayi dabuwar ya tura. Aka aiko mishi da takarda a babban ambulan, mai kauri, da tambari ruwan zinari da kintinkiri ja, har walima yayi. Ya hau mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde ya ajiye dosiye, ya jira, amsar da ta dawo ita ce makarantar bata da rajista a matsayin jami'a a ƙasar da take. Takardar tana nan a bangon falonsa, kategorinsa a wajen aiki bai motsa ba. Na ga fuskarsa lokacin, shi yasa nake maka magana da zafi haka.

Sannan akwai ƙofa ta biyu da mutane suke mantawa, ƙungiyar injiniyoyi. A Kamaru masu gine-gine suna da ONIGC, ku na lantarki kuna da ONIGE. In burinka wata rana ka buɗe ofishinka kana sa hannu a kan zane da lissafi da sunan injiniya, to su zaka rubutawa ka tambaya ko takarda kaza daga makaranta kaza suna rajistar mai ita. Gaskiyar da ba'a faɗa a talla ita ce yawancin karatun nesa na gaske lisans da masta suke bayarwa, matakin masta bak da 5 ne eh, amma ba kowace masta bace take zama takardar injiniya a idon kowa. Wannan ba dalilin fasawa bane, dalilin sani ne tun farko, kar sai bayan shekara huɗu.

To ina hanyoyin gasken suke?

Akwai ta cikin gida wadda kowa ya sani, konkur ɗin shiga shekara ta 3 ga masu BTS ko DUT (ita ma bak da 2 ce) ko lisans. Politeknik ta Marwa tana nan, wadda da ake ce mata ISS kafin a maida ita politeknik a 2017, ƙarƙashin jami'ar Marwa da aka buɗe a 2008. Ngaundere akwai ENSAI da IUT, Yawunde akwai tsohuwar politeknik tun 1971. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati jaka 50 ne a shekara a karatun da aka saba, na furofesiyonel ya fi haka. Takarda ce da babu mai musu a kanta, sai dai karatun rana ne, sai ka ajiye aiki, ga sharaɗin shekaru da sai ka duba a sanarwar konkur, kai kuma da bakuna huɗu a gida ban ga wannan a gabanka ba sai in kamfani ne ya sake ka da albashi.

Kafin ka hango nesa ka leƙa kusa da kai. Garwa ta samu jami'arta a 2022, ga kuma makarantu masu zaman kansu da suke lisans furofesiyonel da yamma saboda ma'aikata. Ka taka da ƙafarka kaje ka tambaya, akwai na lantarki ko na gyaran injuna ko na sola, kuma in mai zaman kanta ce tambaya ɗaya ce mai muhimmanci, wace jami'ar gwamnati ce ke kula da ita kuma wa ke sa hannu a diplom ɗin. In ka samu na yamma mai kyau nikam na fi so maka shi akan na intanet, saboda mutum yana ganin malami, yana da abokan da in ya kwana biyu bai zo ba zasu kira shi.

In babu, sai na nesa. AUF, ƙungiyar jami'o'i masu Faransanci, ofishinta na yankinmu yana Yawunde, kowace shekara tana fitar da jerin karatun nesa da suke kira FOAD, lisans da masta daga jami'o'in Afirka da na Turai, jami'ar ce ke bada diplom, jarabawa kuma a zaune ake yinta gaban mai sa ido a cibiyoyinsu, kuma suna ɗaukewa wasu wani kaso na kuɗin in dosiyensu ya ci. Ka tambaye su ko a Ngaundere zaka iya rubutawa ko sai ka sauka Yawunde, domin wannan kaɗai yana canja lissafin kuɗi da na hutu. Akwai 2iE a Wagadugu, makarantar injiniyoyi ce sananniya a harkar ruwa da makamashi da gine-gine, tana da ɓangaren karatu ta intanet na ma'aikata, lisans da masta, su ma ka tambaye su ƙarara, takardar masu intanet da ta masu zama a makaranta sunansu ɗaya ko daban, kuma wacce ce CAMES ko CTI ta amince da ita. Akwai kuma CNAM a Faransa wadda tun 1794 take, ta shahara da koyar da mutanen da suke aiki, darasi ɗaya ɗaya kake ɗauka kana tarawa har ka kai, wasu darussan ta nesa ne, har takardar injiniya ana kaiwa ta nan amma shekaru ake ɗauka masu yawa kuma kuɗin da yuro ne. Yuro ɗaya sefa 655,957 ce wato kusan 656, duk inda kaga yuro 1000 ka karanta jaka 656, kar ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka.

Shawarata kar ka nufi bak da 5 kai tsaye. Ka fara da lisans furofesiyonel, kiredi 60 ne kawai a saman BTS ɗinka, matakinta ɗaya da na injiniyan taravo wato bak da 3 ko da yake sunan takardar daban. In ka gama kana da abu a hannu ko da rayuwa ta hana ka ci gaba, in kuma komai ya tafi daidai sai masta. Mutum mai aiki da iyali in yayi ƙoƙari sosai awa 12 zuwa 15 yake samu a sati, ka ninka 15 sau sati 48 zaka samu awa 720, bai kai rabin 1500 ba, gogewarka zata rage maka wasu darussan amma ba duka ba, saboda haka ka nemi makarantar da ta yarda a raba shekara ɗaya gida biyu, kuma ka sa a ranka tafiyar gaba ɗaya har masta zata iya cin shekara biyar ko shida. Kana da 34, kenan wajen 40 ka gama, kuma ritaya tana da nisa daga nan.

Akwai abinda yasa nake ganin kai ɗin nan karatun nesa zai yi maka fiye da yaron da ya fito daga lise jiya. Raunin karatun injiniya ta intanet shine aikin hannu, tepe ɗin nan da ake yi a labo, babu bidiyon da zai koyawa mutum warin waya in ta fara zafi ko yadda kontakta ke kaɗawa in bobin ɗinta ta gaji. Yaro da bai taɓa riƙe fens amferemetirik ba in yayi karatun nesa zai fito da kai cike hannu babu komai. Kai kuwa labo ɗinka kana shiga kullum ƙarfe bakwai na safe har biyanka ake yi. Abinda ya rage maka shine dalilin abubuwan da hannunka ya riga ya sani. Ka san in aka tada inji da etuwal-tiriyangil baya jan wuta da yawa, karatu ne zai nuna maka me yasa yake sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, da lokacin da bai kamata ayi amfani da shi ba saboda ƙarfin juyawar ma haka yake sauka. Memuwar ɗinka, wato rubutun binciken ƙarshen karatu, ma kar ka je nema a waje, tana cikin masana'antarku, wani inji da ke yawan ƙonewa, ko kuɗin wuta da ke hauhawa, ko sola da za'a iya ɗorawa a rufin sito, ka auna da kanka ka rubuta, irin wannan ranar sutenans malamai suna jin daɗinta kuma patiron ma yana ganin amfaninta.

Inda zaka sha wuya lissafi ne, nan mafi yawan masu aiki suke zubewa, shekara 10 baka taɓa entegiral ba. Gwada kanka yau da daddare: masana'anta tana jan kilowat 100, kosinus fi ɗinta 0,75, ana so a kai shi 0,95, kondansato na kilovar nawa za'a saka? In ka fito da wajen 55 cikin minti goma ba tare da ka tambayi waya ba to tushenka na nan. In ka tsaya kana tuna ina tanjant take shiga, ba komai, amma kaga inda zaka fara, lambobin kompleks, deribe, entegiral, sannan Laplace wanda duk darasin otomatik a kansa yake zaune. Wannan kuma baya buƙatar ko dala. FUN MOOC na Faransa da aka buɗe tun 2013 yana da darussa da Faransanci kyauta, in kana jin Turanci MIT ta zuba nata darussan a intanet kyauta, manhajar lissafi ta Scilab kyauta ce kuma tana yin yawancin abinda zaka buƙata daga takwararta MATLAB a wannan matakin. Ka ɗauki darasi ɗaya na lissafi ko na lantarki, ka sayi kaye sabo, sati takwas, awa 12 kowane sati, kana rubuta ranar da awannin da ka zauna da gaske ba wanda ka yi niyya ba. Ranar da sati takwas ya cika ka buɗe kayen ka tara. In ka kusa awa 90 to ka shirya, je ka nemi makaranta da ƙarfin gwiwa. In 30 ka samu to ka gano matsalar a kyauta, ko lokacin ne bai dace ba ko tsarin gidan ne sai an gyara, kuma filinka yana nan.

Maganar wuta da rezo kuma kar ka raina ta. Arewa madatsar ruwan Lagdo muka dogara da ita tun 1982, megawat 72 in ruwa ya cika, in rani yayi nisa ruwa ya ja baya ka san yadda delestaj yake, tashoshin sola na Marwa da Gider sun rage amma basu kashe matsalar ba. Kai ma'aikacin lantarki ne wannan kam a hannunka yake, kwamfutar hannu wat 45 zuwa 65 take ci, awa uku bai wuce wat-awa 200 ba, batir mai volt 12 amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1200, ko rabi ka ja don kar ka kashe shi kana da 600, ya isheka kwamfuta da ƙwai ɗaya da ƙaramin fanka, ka haɗa da fano ɗaya a rufi shikenan. Ka yi wannan kafin rajista. Wajen zaɓen makaranta ka tambaya darussan kai tsaye ne dole ko ana ajiye su a sauke daga baya, domin wadda ta ce dole ka shiga bidiyo kai tsaye ƙarfe kaza zata wahalar da kai ranar da kake aikin dare ko rezo ya faɗi, ka fi son mai PDF da bidiyon da zaka sauke lokacin da rezo ya sake. Dabuwar kuma kar ka bari sai daren ƙarshe, kwana biyu kafin wa'adi ka tura. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa baya barin kai yayi aiki bayan isha, mutum ya dawo a gajiye ɗaki kamar ya kama da wuta, ni na fi ganin amfanin bayan sallar asuba, awa ɗaya da rabi kafin yara su tashi, sai kuma safiyar Lahadi ka ɗauki awa huɗu a jere. Ka duba kalandar makarantar ma ka ga ina azumi ya faɗo da ina lokacin da aiki ya fi yi muku yawa, in jarabawa ta haɗu da su ka san da wuri. Hutunka na doka kwana ɗaya da rabi ne a kowane wata, kwana 18 a shekara, daga ciki zaka cire na tafiya jarabawa, kuma kuɗin mota da masauki da legalizasiyon na takardu da kuɗin data da cajin tura kuɗi waje duk basa cikin lambar da makaranta ke rubutawa, ka ƙara su da kanka.

Sai maganar da ta fi min nauyi a saƙonka, cewa mai ɗakinka bata sani ba. Ƙanena wannan ba daidai bane, kuma ba wai don filin kaɗai ba. Awa 15 ɗin nan da muke ta lissafi daga ina zasu fito? Daga hirar dare ne, daga kai yaro asibiti, daga zuwa suna da biki da gaisuwar surukai, ita ce zata cike gurbin duk wannan shekara da shekaru, ita zata hana yara shiga ɗaki, ita zata amsa in dangi sun ce baban su wane ya daina zumunci. Macen da aka zauna da ita tun farko aka nuna mata lissafin, ga shekarun ga kuɗin ga abinda muke fata, tana ɗaukar abin kamar nata, wadda kuwa ta wayi gari taji an sayar da fili a bakin maƙwabta, duk daren da ta ganka gaban kwamfuta filin take gani. Ka zauna da ita cikin satin nan. Ka bata rana ɗaya a sati da babu karatu sam. Kuɗin kuma ku nemi makarantar da ake biya kashi kashi, a cire daga albashi ko a shiga adashi saboda shi, karatun da sai an sayar da fili kafin a fara shi ya fi ƙarfin gidan a yanzu, a nemi wanda bai kai shi ba.

Shef ɗinka shima ka gaya mishi, amma bayan ka gama gwajin sati takwas ka kuma zaɓi makaranta, kaje da takarda a hannu. Nasan tsoronka, kar ace kana shirin gudu ko kana hangen kujerar wani. Amma ka sani a yawancin kamfanoni kujera ake biya ba diplom ba, kategori 7 zuwa 9 na masu kula da aiki ne, 10 zuwa 12 na kadir, kuma kawo sabuwar takarda baya ɗaga mutum kai tsaye sai in an bashi aikin da ya dace da ita. Saboda haka kaje wajen shef personel ka tambaya a fili, in na kawo lisans daga makaranta kaza me yarjejeniyar aikinmu ta ce, akwai kuɗin horo da kamfani ke warewa, za'a bani ranakun jarabawa, za'a barni inyi memuwar a kan injunanmu. In sun ce eh ka roƙi a rubuta. In sun ce babu abinda zai canja, ka ji da kunnenka tun yanzu, kayi karatun kana kallon waje, kuma wajen akwai shi, aikin sola da famfunan burtsatse masu sola yana ta yawa daga Garwa har Kusseri kuma masu iya lissafin girman fano da batir da waya yadda ya kamata basu da yawa. Su kuma yaran injiniyoyin da suke bata maka rai, ka jawo ɗaya daga cikinsu, shi Laplace ɗinsa sabo ne bai huce ba, kai kuma kana da abinda yake jin kunyar tambaya a gaban ma'aikata, ku yi musaya, awa ɗaya a sati ta isa.

Su masu tallan ka tura musu saƙo yau, a rubuce ba kiran waya ba. Ka tambaye su cikakken sunan diplom ɗin kamar yadda zai fito a takarda, lambar izinin da gwamnatin ƙasarsu ta basu, kiredi nawa ne, ina ake zama jarabawa kuma wa ke sa ido, sannan su haɗa ka da mutum ɗaya ɗan Kamaru da ya gama ya kuma samu ekibalans a MINESUP. Irin waɗannan tambayoyin zaka turawa AUF da 2iE da duk wata makarantar yamma ta nan Garwa, kowa da kowa iri ɗaya. Abinda suka amsa ka turo min tare da sakamakon lissafin kondansaton nan, mu duba tare kafin lokacin karɓar dosiye na bana ya rufe. Ka gaida maman yara, Allah ya buɗa.